Uwar Direbobi Goma Sha Ɗaya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Nazarin Dokar Motocin Haya, Allah ya ƙara wa kujerarka laushi.

Bayan gaisuwa da ban gajiyar zaman shekara uku, ranka ya daɗe, ni tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, kuma yau kwanan motar ɗana tara a tsare a harabar ofishinku. Ga yadda aka yi.

Na ɗaya. Kun ce motar da ake kira ta waya ba ku halatta ta ba, ba ku kuma haramta ta ba. A ƙofar asibitin da nake zuwa gashin ƙafa duk Talata, 'yan tasi ke nuna wa jami'anku wadda za a tare. Ban ga laifinsu ba. Su aka ɗora wa fenti da lamba da bin layi, wasu suka shigo da waya kawai.

Na biyu. Shi ya sa duk direban da na kira sai ya ce, "Mama, don Allah dawo gaba, in an tambaya ke kika haife ni." Ni da ko da wasa ban iya ƙarya ba! Yanzu 'ya'yana goma sha ɗaya, dogaye da gajeru, har da wani mai furfura da ya girme ni. Ko goyo ban yi ba. Muna godiya ga kwamiti.

Na uku. Ɗana na cikina, malamin makaranta da bai taɓa ɗaukar fasinja ba, ya nemi izini a wurin aiki ya kai ni da kansa. Na zauna a baya na miƙe ƙafa, tunda motar gida ce. Jami'inku ya leƙo, na ce ɗana ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Allah ya raya, Mama, wancan makon ma wani kika haifa." Ranar da na faɗi gaskiya, ranar aka zare mukulli.

Ranka ya daɗe, a wane sashe na dokar da ba a rubuta ba aka hana uwa zama a baya? Na kai takardar haihuwa, aka ce sai kwamiti ya zauna. Na nuna kunnuwansa, na marigayi ubansa sak, aka ce kunne ba hujja ba ne. Yanzu a ƙafa yake zuwa aiki. Abin da ya fi ci mini rai, a gabansa aka ƙaryata ni, har ya sunkuyar da kai.

Ba na cewa ku yi sauri, sauri bai dace da manya ba. Amma duk ranar da Allah ya nufa kuka zauna, a sakar masa motarsa, ko a ba ni takarda mai hatimi cewa ni na haife shi. Kwana biyu na yi ina naƙudarsa, kuma babu kwamitin da ya taya ni.

Taka mai biyayya, wadda ko tari ba ta yi sai kwamiti ya amince,

Mahaifiyar mai motar da ke tsare.