Rasuwar Ma'aji, Mai Tsaron Wasiƙun Yaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta ƙi lallashi, iyalan mai kemis da ake tsokana da Injiniya suna sanar da rasuwar Ma'aji, tsohuwar kwamfutar da ta shekara biyar a bayan kantar littattafai tana adana wasiƙun imel na gidan. Ta cika ranar Talata da hantsi.

Marigayiyar ba ta da allo, ba ta da kwalliya. Akwati ce baƙa, kuma a cikinta Injiniya ya girka manhajar wasiƙu a abin da masana ke kira kwantena, wato akwati a cikin akwati. Mako uku ya yi yana fama da ita, matarsa tana cewa wanda ya iya ƙirga ƙwayar magani ya tsaya a matsayinsa. Da ta fara aiki kuwa, ba ta taɓa ƙorafi ba. Maganarta ɗaya ce, "wuuu", sai ɗan "ɗit" idan wuta ta dawo.

Saboda amincinta ne ya kwaso wasiƙunsa kaf daga intanet ya damƙa mata, ya goge na can. A ciki har da guda ɗari biyu da goma sha ɗaya na yayarsa, wadda ta goye shi, ta kai shi makaranta, ta rasu bara waccan. Yaya ba ta taɓa gane inda ake rubuta saƙo ba. Duk maganarta a layin taken wasiƙa take zubawa, ba waƙafi, ba aya: ka ci abinci, ka rage taurin kai, ka kira ni.

Ta ƙarshe daga gadon asibiti ta aiko, kuma ita kaɗai ce babu komai a takenta, alamar a ranar Yaya ta gano wurin rubutu. Bai buɗe ba. Kullum sai ya duba ya ga tana nan, ya ce sai ranar da zuciyarsa ta yi ƙwari.

Jinyar Ma'aji gajeriya ce. Faifan ajiya ya fara "ƙyas, ƙyas", Injiniya bai tada hankali ba, tunda duk mako yana kwafe komai. Sai a teburin mai gyara aka gano inda kwafin yake sauka: kan faifan nan dai da ya mutu. Shekara biyar bawan Allah yana ɓoye makullin cikin ɗakin da ya kulle. Mai gyara ya gwada iya gwadawa, ya cire tabarau, ya girgiza kai.

Marigayiyar ta bar na'urar intanet ɗaya, wayoyi huɗu a cukurkuɗe, murabba'in da ƙura ba ta taɓa ba a kan katako, da maigida wanda har yanzu yake miƙa kunne ta wajen kantar littattafan idan ya shigo.

Za a sallami gangar jikin ranar Asabar da safe, a hannun mai sayen tsoffin ƙarafa. Faifan kuma matarsa ta naɗe shi a ɗankwalin Yaya ta sa a kwalin takalmi, saman kabad, ko Allah zai kawo mai dabara.

Masu ta'aziyya, don Allah kada a ce masa da-na-sani ƙeya ce, ya sani. Wanda ke da wata wasiƙar Yaya ya turo masa. Ta ƙarshen dai kada kowa ya wahalar da kansa nema. Shi kaɗai ta aika wa.