Jan Shafi da Shuɗin Shafi

"...lafiya ƙalau, Inna Aglaia, sai gajiya. Ke kuma tsohuwa, ashe kina nan? Na ɗauka zan tarar ana rabon gado."

"Gadon me? Akuya ɗaya gare ni, ita ma ta fi ki kunya. Zauna, kin tare min iska."

Haka Otilia da kakarta Paraskiva suke gaisawa tun yarinyar tana tatata, yanzu ga ta shekara ashirin da bakwai, ba abin da ya sake. Ni Aglaia maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Asabar ce da hantsi, muna tsakar gida muna ɓare gasasshen tattasai na ajiyar hunturu, bayana kamar zai ɓalle, sai ga Otilia ta sauko daga motar birnin Yashi, idanu sun faɗa. Shekara huɗu ke nan tana zama gaban kyamara, mazan ƙasashen waje suna biya su kalle ta a intanet. Duk ƙauyen, ni da kakarta kaɗai muka sani. Ubanta Grigore, wanda yake aikin gini a Torino ta Italiya, ya ɗauka waya take amsawa a kamfanin inshora, kuma shi mutum ne da in ya juya maka baya ya juya ke nan. Ni dai na gaji da yanke wa mutane hukunci. Abin da na sani, sabon rufin gidan nan ba daga sama ya faɗo ba.

"To, 'yar kasuwa," in ji Paraskiva, "an ce kin bar masu situdiyon da kike wa aiki."

"Na bar su. Ni da murmushi, su da rabin kuɗi? Yanzu a ɗakina nake, ina gwada shafin intanet biyu in ga wanda ya fi. Akwai ja, akwai shuɗi."

"Wanne ya fi jama'a?"

"Jan, nesa ba kusa ba. Mutum dubu huɗu a lokaci ɗaya, Kaka. Ke duk rayuwarki mutum nawa suka taɓa kallonki?"

"Ɗaya, kuma bai ƙara lafiya ba. A dubu huɗun nan, nawa suka zaro kuɗi?"

"Akwai dai."

"Akwai dai ba lamba ba ce."

"Kamar ashirin."

"Tabɗi! Shekara arba'in ina sayar da cuku a kasuwar Baslui. Na taɓa kama rumfar bakin ƙofa, kowa ya wuce sai ya ɗanɗana. Kafin rana ta take rabin cukun ya tafi a ɗanɗane, aljihuna fayau. Na koma lungu, mutum goma a wuni, amma kowa da jakarsa."

"Cukunki da ƙudaje ma sai sun yi shawara kafin su sauka?"

"Shi ya yi ƙashin bayan da kike lanƙwasawa yanzu, marar godiya. Shuɗin fa?"

Otilia ta ja kujera, ta zare takalmi, ta ɗauki tattasai ɗaya tana juya shi ba tare da ta ɓare ba.

"Shuɗin shi ne lungun naki. A minti suke biya, kuma ba sa cin kaso da yawa. Amma sai in yi awa biyar ina yi wa bango murmushi, kumatuna su yi tsami, ba wanda ya leƙo. Jan kuwa cikin sati uku hotona ya tashi daga layi na tara zuwa na biyu a jerin 'yan matan shafin. Kuɗin ya ninka na situdiyo. Na gama shawara, jan zan riƙe."

"Ashirin ɗin nan attajirai ne ke nan."

"Italiyawa ne. Shafin can ya fi tashe. Kashi biyu cikin uku na abin da nake samu daga Italiya yake zuwa."

Na ga hannun Paraskiva ya tsaya cak a cikin kwano. Ni dai na kama bakina, don ba a shiga tsakanin waɗannan biyun.

"Kin toshe?" in ji tsohuwar.

"Haba Kaka, yau na fara? Abin da ake fara koya wa kowa ke nan. Tun ranar farko na toshe Romaniya. Duk wanda yake ƙasar nan, ko zai mutu ba zai gan ni ba."

"Sannu da ƙoƙari. Wa ya rage a Romaniya?"

"Kamar yaya?"

"Leƙa titi ki faɗa min. Ni ce, da Aglaia, da Fadan coci, da mai kawo fansho. Mu kika toshe? Ni da ba na iya kunna wayata sai an taya ni? Ke 'yar nan, kanki ɗankali ne? Mazan ƙauyen nan suna ina?"

Tattasan hannun Otilia ya suɓuce ya faɗi ƙasa.

"Ubanki su takwas ne a gida ɗaya a Torino, duk 'yan layin nan, kowa da waya a hannu, matansu suna nan ko suna Madrid. Ranar Lahadi me kike jin suna yi, karatun Zabura?"

"A situdiyo Amurkawa muke yi wa aiki," in ji Otilia a hankali. "Manaja ce take saita komai. Ni ban taɓa..." Ta goge hannu a siket, ta zaro waya. Sai kuma ta tsaya. "In na toshe Italiya na koma layi na tara, Kaka. Hayar ɗakin kaɗai lei dubu biyu ce."

"To bar shi. Ubanki ma sai ya riƙa jefa miki 'yan kwabbai, kuɗin bai bar gida ba."

"Allah ya shirye ki, tsohuwar banza."

"Ya fara da ke. Danna."

Ta danna, ta toshe Italiya. Wallahi na ji tausayinta, yadda ta yi ajiyar zuciya kamar wadda ta sauke buhun masara.

"Saura Sifen," in ji Paraskiva, "'ya'yan Nastasiya uku suna can suna tsinkar lemo. Jamus, duk masu yanka nama. Ingila, jikan mai ƙararrawar coci, bakinsa ya fi ƙararrawar ƙara."

"Sai ki bar min wa? Kifayen teku?"

"Japan. Ba mu da kowa a Japan."

"Da kin shiga harkar nan da kin kashe ta."

"Da na shiga da kun rasa aiki, ke da ƙawayenki."

Otilia ta yi dariya, irin ta wanda ba shi da sauran ƙarfin musu. "Shi ke nan, kin ci. Na koma lungu wajen shuɗin. Amma ke da ba ki san kan waya ba, ya aka yi Torino ta faɗo miki haka da wuri?"

Paraskiva ta ci gaba da ɓare tattasai, ba ta ɗago ba.

"Ubanki ya kira shekaranjiya. Ya ce wai kamfanin inshorar nan naki, menene sunansa."

"Ai bai taɓa tambaya ba."

"Shekara huɗu bai taɓa ba."

"Me kika ce masa?"

"Na ce kunnena ya mutu, ya ɗaga murya. Ya ɗaga, na ce layin ne. Sai ya ce ba komai, gobe Lahadi in an fito daga coci zai kira ki da kansa."

Hawaye suka zubo wa Otilia. Tsohuwar ta kwance ɗankwalinta, ta cilla mata a cinya.

"Ungo, na ba ki kyauta. Goge fuskar, kar ki zuba min gishiri a tattasai. Kuma yau a nan za ki kwana. In ya kira, ni zan fara ɗauka."