Rasuwar Katikis, Mai Shayar da Citta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni Meshak, malamin lantarki a Kafanchan, nake sanar da rasuwar Katikis, na'urar ban ruwa da na haɗa da hannuna. Ya bar mu a lambun bayan coci a Nok, yana da wata goma sha huɗu a duniya.

Marigayin bai fi tafin hannu girma ba. Matan Zumunta na cocinmu ne suka raɗa masa sunan, domin kamar katikis, malamin coci, yana riga kowa tashi. Ƙarfe biyar na asuba agogon cikinsa zai taɓa shi, ya ce ƙit, ya buɗe famfon tanki, ruwa ya yi shuuu a kan ƴaƴan citta na minti ashirin, ya sake cewa ƙit, ya koma barci. Duk maganarsa ke nan, bai taɓa gulmar kowa ba.

Barcinsa kuwa abin koyi ne. Yakan kashe kowace gaɓa ta jikinsa, ya bar agogo kaɗai yana ƙirga lokaci da ɗan batir mai kama da kwabo. Wutar da yake ci a wata ba ta kai ta tocila a minti ɗaya ba. Na yi ta fariya da wannan a ɗakin malamai, Allah ya gafarta mini.

Ga yadda ciwon ajali ya same shi. Ranar Lahadi bayan sujada, batirin na'urar gwajin sukari ta surukata, Mama Hulda, ya mutu, ita kuma jiri na ɗibarta. Iri ɗaya ne da na Katikis. Na ce ai barci yake, ba zai sani ba. Na zare, aka gwada Mama, na mayar kafin minti goma, na hau babur na koma Kafanchan da kwanciyar hankali.

Ashe ya sani. Da na zare batirin, agogon ya manta komai ya koma ranarsa ta farko, ɗaya ga Janairu, shekara ta dubu biyu. Marigayin ya buɗe ido, ya duba agogo, ya duba ranar da aka rubuta masa ya ba da ruwa na gaba, ya ga saura shekara ashirin da biyar. Sai ya koma barci cikin biyayya. Agogon yana da wata ƴar alama da yake ɗagawa idan ya taɓa tsayawa. Layi biyu kacal zan rubuta a manhajar don ya riƙa duba ta. Ban rubuta ba, na ce sai an yi hutu.

Na dawo ranar Juma'a. Kwana biyar, a zafin Maris! Ba wanda ya leƙa, domin ni da bakina na ce wa mata su daina wahalar da kansu.

An yi duk abin da za a iya. Na jijjiga shi, na shanya shi a rana, matata Afiniki ta ɗora masa hannu ta yi addu'a. Ramin da ake sa kebul a gyara masa lokaci, ni na toshe shi da gam saboda ruwan sama. Maɓallin tashinsa, ni na kashe don tsimin wuta. Afiniki ta ce tunda bai mutu ba, in daina cewa marigayi. To wanda zai farka a shekara ta dubu biyu da hamsin, me za a kira shi?

Ya bar faifan sola ɗaya, tanki cike taf da ruwan da bai bayar ba, da ƴaƴan citta ɗari shida. Waɗannan su ne iri mai lafiya da gidaje goma sha ɗaya suka samo da ƙyar bayan annobar da ta ruɓar da gonakinmu, suka damƙa mini. Ɗari huɗu da hamsin sun riga sun bi shi. Shugabar Zumunta, Mama Faustina, ta zo ta duba, ta gaishe ni da aiki, ta tafi. Da ma zagina ta yi.

Za a yi jana'iza gobe Asabar, ƙarfe biyar na asuba, a lambun. Za a sa shi a gwangwanin madara a ajiye a kan kabad. Ba wa'azi, ba ankon zane, ba shinkafa. Na buɗe famfon da hannu, amma bututun ya toshe da ƙasa, ni kaɗai kuma ba zan iya ba, Litinin ina aji. Don Allah, don Yesu, duk mai zuwa ta'aziyya ya zo da bokiti, ya rubuta ranar da zai riƙa zuwa har ruwan sama ya sauka. Ɗari da hamsin suna da sauran kore a jikinsu. Wanda yake son zagina ya zo ya zage ni, zan tsaya, amma ya fara zuba ruwan tukuna.