Yadda Za Ka Riƙe 'Yan Ƙwadago Kana Sauya Shawara Kullum

Kai mai gona, matso kusa. In ka bi matakan nan, na ba ka tabbaci ma'aikatanka za su yi juriyar da ko jaki sai ya yi musu hassada. Na ɗauko su ne daga Alhaji Iliyasu, mai lambu a bakin madatsar Watari, a shekarar da fetur ya fi ƙarfin injin ban-ruwa.

1. Kada ka bari su saba da komai

Alhaji ya sa aka dasa tumatir. Da ya ji a kasuwar Bici albasa ta yi tsada, ya ce a tuge. Albasa na fara kama ƙasa, ya ce masara. Wanda bai san abin da zai shuka gobe ba, ina ya ga lokacin tunanin gudu?

2. In ka janye abinci, ƙara muƙami

Ranar da aka daina kawo ɗanwaken rana, ya naɗa Kamilu, babban ɗan ƙwadagonsa, Manajan Ruwa.

"Alhaji, injin fa ba mai," in ji Kamilu.

"Shi ya sa ake buƙatar manaja. Ga bokiti."

3. Yi musu wa'azin haƙuri

Kai a inuwar mangwaro, su a rana, don darasin ya ratsa jiki. Ce musu duk 'yan gida ɗaya kuke. Amma kiyaye gyatsa. Alhaji ya taɓa yi ana tsakiyar wa'azi, ƙanshin tsire ya watsa taron.

4. Nemi shawararsu

Maryam mai cire ciyawa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara, ta ce, "Alhaji, a dawo da abincin nan. Wallahi jiri nake gani, rabona na gida yara nake bar wa."

Ya girgiza kai cikin tausayi, ya kafa kwamiti, ya ba ta shugabanci. Kwamiti ba ya cin gari.

5. Yabe su a gaban baƙi

Da Hajiya Asama'u, mai gonar ƙetaren kwatar ban-ruwa, ta leƙo gaisuwa, Alhaji ya bugi ƙirji. "Mutanena ba shukar da ba su iya ba, kuma ko ba ci aiki suke!"

Hajiya ta ce, "Masha Allah," ta ƙare musu kallo ɗaya bayan ɗaya.

Safiyar da za a karya masara Alhaji ya iso ya tarar da gona fayau, ba kowa. Can ƙetare a gonar Hajiya hayaƙi na tashi, tukunya na tafasa. Kamilu ya ɗaga masa hannu da ƙarfi.

"Alhaji, mun gode da horo! Mu ma mun sauya shawara!"

Alhaji ya naɗe babbar riga, ya shiga masara shi kaɗai.

Gargaɗi: duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari da ciwon baya ko ƙaiƙayin masara, ba ruwana, ban san shi ba. Mai ƙorafi ya same ni a gonar Hajiya, amma ba lokacin cin abinci ba.