Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Ƙarƙashin Tebur

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani takaici da har yau bai gushe ba, Injiniya da iyalanta suna sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar Gwaggo, tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin ɗakin baƙi. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara goma sha ɗaya, tana tsakiyar aiki.

Ga waɗanda ba su san ta ba, marigayiyar baƙa ce, gajera, mai faɗi, da tsaga a gefe ɗaya tun ranar da aka yi ƙaura da ita. Maigidan Injiniya ne ya laƙaba mata sunan, wai don duk wanda ya shigo ɗakin sai ta yi masa gunaguni. Shekara bakwai da suka wuce Injiniya ta rubuta wani ɗan laburaren manhaja, wato ƙunshin umarni da masu gina shafukan intanet ke sakawa a aikinsu, don shafi ya riƙa aika saƙo yana karɓar amsa ko da layi na yankewa. Ta sake shi a buɗe, kyauta, kowa ya gani, kowa ya gyara. Daga baya wata gidauniyar masu manhaja ta karɓe shi, ta ajiye shi a ƙarƙashin wani babban aikinta kamar ɗan riƙo. Duk gyaran da wani ya turo daga ko'ina a duniya, Gwaggo ce ke gwada shi kafin a amince. Gwaji dubu huɗu da ɗari uku, a kan burauza biyar, wato manhajojin buɗe shafuka, awa tara cur idan wuta ta tsaya.

Baiwar Allah ce mai haƙuri. Da safe takan ce "ɗit" sau ɗaya, gaisuwarta ke nan. Idan aiki ya yi nauyi sai fankarta ta ɗauki "wuuuu", ma'adanar bayananta na amsawa "ƙirr, ƙirr, tak". An taɓa zubar mata da shayi, an sha yi mata shuri ba da gangan ba, mage ta mayar da bayanta gado. Ba ta taɓa riƙe kowa a zuci ba.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne wata goma sha huɗu da suka shige. Zaman riƙo ya ishi Injiniya. Kuskuren da ta gyara cikin yini ɗaya sai ya yi wata uku yana jiran sa hannun manyan babban aikin, mutane kuwa ita suke zagi. Sai ta rubuta wa kwamitin gidauniya tana neman a ɗaga laburaren ya tsaya da ƙafarsa, da nasa shugabancin. Kwamiti ya ce madalla, a kawo cikakken rahoton gwaji. Gwaggo ta yi. Aka ɗage zama saboda mutum biyu ba su zo ba. Da aka dawo, aka ce rahoton ya tsufa, a sake. Ta sake. Wani ya ce sunan laburaren ya yi kama da na wani, aka kwashe wata biyu ana musu, aka bar sunan yadda yake, aka ce a sake rahoto. Sau goma ana haka. Mataimakan Injiniya biyu, wata malamar jami'a da wani mai harhaɗa magunguna da ke rubuta manhaja a ƙarshen mako, suka faɗa mata a fili cewa in aka ƙara ɗagewa su sun haƙura.

Kafin zagaye na goma sha ɗaya Gwaggo ta fara zazzaɓi. Mai gyara ya zo, ya ɗora hannu a kanta, ya janye da sauri.

"Injiniya, tsohuwar nan ta gaji. Ki bar ta ta huta kwana biyu, in nemo mata fanka."

"Alhamis kwamiti zai zauna. Sun ce wannan ne na ƙarshe."

"To su 'yan kwamitin za su zo su yi mata fifita?"

Injiniya ta cire mata murfi, ta jawo fankar falo ta saita mata, ta shafa gefenta ta ce, "Yi haƙuri, Gwaggo, sau ɗaya ya rage." Marigayiyar ba ta yi musu ba. Ta kai gwaji na dubu huɗu da ɗari da goma sha biyu, ta yi "ɗit, ɗit, ɗit", abin da ba a taɓa ji daga bakinta ba. Sai ƙaurin roba ya cika ɗakin, sai shiru.

Ko zaman jimami Injiniya ba ta samu ba. Ta zare ma'adanar, ta nufi shagon yayanta mai buga katunan gayyata, ta ƙwace masa kwamfuta yini biyu. Masu jiran kati suka yi ta sintiri a bakin ƙofa, shi kuma yana ta ba su haƙuri yana hararar ta.

"Wai wannan aikin, wa ya sa ki?"

"Ba kowa, Yaya."

"Shi ne abin da ya fi ba ni haushi."

Ranar Alhamis da safe ta tura rahoto. Da la'asar amsa ta iso: an kaɗa ƙuri'a, kowa ya yarda, laburare ya zama aiki mai cin gashin kansa. A ƙasan wasiƙar, shugaban kwamiti ya ƙara layi ɗaya, cewa ai da ma ba sai ta wahalar da kanta da sabon rahoto ba, tun na uku ya wadatar, mantawa aka yi ba a sanar da ita ba. Injiniya ta karanta layin sau huɗu. Maigidanta ya ce bai taɓa ganin an taya mutum murna ya tashi ya fita tsakar gida yana zagaye ba sai ranar. Sanarwar gidauniya ta gode wa mutum talatin da bakwai, har da wanda waƙafi ɗaya ya taɓa gyarawa. Ta kuma yi albishir cewa daga yanzu manyan injinan gidauniyar ne za su riƙa yin gwajin, cikin minti shida.

Marigayiyar ta bar allo ɗaya mai ɗigon kore a kusurwa, da kibod da harafinsa guda ya shafe, da maus na uku, don biyun farko sun riga ta. Ta bar mage da ta rasa wurin kwana, da dubban shafuka da ke aiki lafiya ba su san da ita ba.

Za a ɗauke ta ranar Asabar da ƙarfe goma na safe zuwa shagon mai gyara, inda za a cire abin da zai amfani wasu, a miƙa sauran ga masu narka ƙarfe. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin baƙi, amma ana roƙon kada kowa ya ce ai ta tsufa. Maigida da Yaya ne za su raka ta. Injiniya ba za ta samu zuwa ba. A matsayinta na sabuwar shugabar aikin, gidauniya ta sa mata zaman farko a daidai wannan lokaci, kuma abu na farko da za a tattauna shi ne launin tambari.