Ranar da gonata ta hau bango

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a Ɗantutture ba, ko na so mantawa mutanen garin ba za su bar ni ba.

Lokacin wata biyu ke nan da ɗaukata aikin gwaji a wani ƙaramin ofis a Dutsin-Ma, na masu gyaran rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka. Hajiya, shugabar ofis, ta gaya mini ƙarara cewa taron da za mu yi da dattawan Ɗantutture shi zai nuna ko zan zauna ko zan kama gabana. Ni kuwa ko a jikina, don na ƙware a wani abu da ba wanda ya iya a ofis: in haɗa teburin bayanan aiki da zane mai sanduna a kwamfuta. Da ka taɓa lamba a tebur, sai sanda ta miƙe ko ta gajarce da kanta. Kore an gama, ja an makara. Har mai gadi sai da na kira na nuna masa (bawan Allah bai gane komai ba, amma ya ce Masha Allah).

To, ina da 'yar gonar gero a Shema, wadda rabona da ita har na manta. Ana gobe taro sai ƙwarewa ta motsa, na ce bari ita ma in tsara ta a zamanance. Na buɗe teburin rijiyoyi, na goge sunayen ƙauyuka, na zuba shuka, noman firi (wato noman farko), taki, maimai. Niyyata in ajiye da wani suna daban. Hannu da sabo, ashe a kan na ofis na ajiye.

Washegari aka cika ajin firamare, mai unguwa a gaba, Hajiya a gefensa. Na kunna majigi, na juya wa bango baya don in fuskanci jama'a, kamar yadda na ga manya na yi. Jawabin kuwa na haddace shi tsaf. Na miƙa hannu baya ba tare da na waiga ba, na ce duk inda suka ga jar sanda to sakaci ne tsagwaronsa, kuma ofishinmu ba zai raga wa mai laifi ba ko wane ne shi.

Aji ya yi tsit. Na ɗauka kwarjini ne, na ƙara buɗe murya.

Can wani tsohon hedimasta ya gyara tabarau ya ce, "Samari, wace rijiya ce ake kira noman firi? Na ga ta makara sati uku."

Na waiga. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Kan zanen dai na nan, Aikin Rijiyoyi, amma ƙasansa gonata ce tsirara, ja daga sama har ƙasa, sanda ɗaya tak kore, ita ce ta taki. Hedimasta ya karanta wa jama'a ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko layi ba. Nan fa aka bar zancen ruwa aka koma shari'ar gona. Mai unguwa ya girgiza kai ya ce duk wanda ya zuba taki bai yi noma ba, ciyawa ya yi wa walima. Ya tambaya ko gonar wane raggo ce. Hajiya ta san amsa, amma ta zuba mini ido sai da na ɗaga hannu da kaina.

Muka shiga mota har muka wuce Kurfi. Ni dai na gama sallama da aikin a zuciyata. Sai Hajiya ta ce za ta riƙe ni, don zanen da bai rufa wa mai shi asiri ba ba zai rufa wa 'yan kwangila ba, amma ranar Asabar tana son ganin hotona da fartanya.

Tun daga ranar, kafin in yi alkawarin hukunta mai laifi, sai na waiga na tabbatar ba ni ba ne.