Addu'ar da Na Rubuta a Tafin Hannu

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na fara buɗe baki na yi addu'a a gaban ikilisiya ba, kuma na tabbata mutanen Argungu ma ba su manta ba.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba. An kwaso mu daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi, ni ina masinja a ofis, na kama haya a Nasarawa. Shekaruna sun haura arba'in, ga 'ya'ya biyar, ga furfura ta fara leƙowa, amma da zarar Fasto ya ce, "Wa zai rufe mana da addu'a?" sai in fara neman ƙofa. Na ƙware wajen tashi kama ruwa daidai wannan lokaci (har wata tsohuwa ta taɓa kawo mini sassaƙe, wai maganin ciwon mara).

Sai ga shi an sa sunana cikin waɗanda za a naɗa dattawan ikilisiya. Fasto ya ja ni gefe.

"Baba, dattijon da ba a taɓa jin muryarsa gaban Allah ba, yaya za mu yi da shi? Mako mai zuwa za mu Argungu godiyar kaka. Kai za ka rufe."

Matata Saratu, wadda ke jagorar zumuntar mata, ta ƙarasa ni a gida. "Baban Rahila, in ka sake zuwa kama ruwa ran nan, ka zarce kogi kawai."

To, a lokacin ina wata na takwas a ajin yaƙi da jahilci, ina ji da rubutuna kamar ni na ƙirƙiro shi. Na ce ai shi ke nan, rubuta addu'ar zan yi. Kowa idonsa a rufe yake, wa zai gan ni ina karantawa? Amma takarda tana ƙara, kuma dattijo da takarda abin kunya ne. Sai na yanke shawarar tafin hannu.

Biro ya ƙi kama tafina, don fartanyar da na sha riƙo tun ƙuruciya ta riga ta mai da shi kamar ƙirgi. Na leƙa zauren maƙwabcina Malam Umaru, mai koyar da karatun allo, mutumin kirki wanda ba a suna ko ɗaurin aure a unguwar bai kira ni ba.

"Malam, a taimaka mini da tawada da alƙalami."

"Mi za ka yi da su, maƙwabci? Ko allo za mu yanka maka?"

"Aikin gida ne aka ba mu."

"Awo, ɗauka. Allah shi buɗa."

Da safiyar Lahadi na zauna na cika tafin hannun hagu da layi bakwai, baƙi wuluk, gwanin kyau. Abin da kaina bai kawo mini ba shi ne, tawadar allo an yi ta ne don a wanke.

Muka cika mota maƙil zuwa Argungu, ni na cusa hannun cikin babbar riga na dunƙule shi kamar na kama fara. Duk wanda ya tambaya, in ce sanyin ƙashi ne. Majami'ar kuwa ƙarama ce, rufin kwano, rana ta take. An jibge buhunan shinkafa gaban bagade, ga albasa, ga busasshen kifi, ga wani zakara ɗaure da ƙafa. Aka yi waƙa, aka yi wa'azi, aka yi baiko, kowa na kai kyautarsa gaba ana rawa, ni kuwa gumi har cikin takalmi. Can sai Fasto ya ɗaga murya.

"Yanzu Baba daga Birnin Kebbi zai rufe mana da addu'a."

Na miƙe. Na jira kowa ya sunkuya, na zaro hannu a hankali na buɗe.

Jama'a, tafki na gani. Layi bakwai sun narke sun zama miyar kuka. Abin da ya tsira kawai, can kusa da babban yatsa, shi ne "Ya Uba".

Na ce, "Ya Uba."

Na ƙura wa tafin ido. Na sake cewa, "Ya Uba." Na murza tafin da ɗaya hannun ko wani abu zai fito daga ƙasa (kada ku tambaye ni dalili). Na ce "Ya Uba" na uku, zakaran nan ya yi cara. Daga ɓangaren mata na ji tarin Saratu, irin tarin da na san fassararsa.

Can sai bakina ya kama hanya shi kaɗai. Ashe addu'o'in da na sha ji a zauren Malam Umaru suna nan kwance a kaina. Na ce Allah ya tsare shinkafar fadamar Zauro daga tsuntsu. Aka ce, "Amin." Na ce Allah ya ba masunta sa'a, ya raba su da kifewar kwalekwale. "Amin!" Na roƙa wa marasa lafiya, da matafiya, da masu ciki, da waɗanda aka yi wa canjin wurin aiki ba su sami ɗaki ba. Amin ɗin na ƙara ƙarfi, ni kuma na ji daɗi ya kama ni, har da ɗaga murya. Da na kai ƙarshe, cikin isa, na ɗaga hannu biyu na ce:

"Fatiha!"

Na shafa a fuska, tun daga goshi har gemu.

Abin da ya ɗan rage mini zafi, kusan rabin majami'ar su ma sun shafa kafin su tuna inda suke, don duk cikin maƙwabta Musulmi muke zaune. Amma su hannunsu tsab yake. Da aka buɗe ido aka gan ni tsaye kamar gindin tukunya, sai wata mai goyo ta ce, "Yesu!" Zumuntar mata ta zube a benci don dariya. Fasto ya yi ta maza ya ce, "Cikin sunan Yesu," kafaɗunsa na rawa, ya kasa kaiwa ga amin.

Saratu ta ja ni bakin randa tana dirje mini fuska da bakin zane. "Shekara ashirin ina jiran in ji muryarka, ashe da kwalliya za ka fito."

Muna nan sai ga wani tsoho manomi daga Gulma ya kama hannuna. Ya ce shi tun da yake zuwa sujada ba a taɓa kai ƙarar tsuntsu gaban Allah ba sai yau, kuma tsuntsun ne ke hana shi barci. A mota Fasto ya ce addu'ar ta yi, ƙarshenta kawai za a gyara. Malam Umaru kuwa da labari ya kai masa, dariya ya yi har rawaninsa ya kwance, ya ce, "Da ka gaya mini, maƙwabci, da na ƙara mata ƙaro."

An naɗa ni dattijo bayan wata biyu. Abin da na koya shi ne, mutumin da ikilisiya biyu suka gani da fuskar tawada ba shi da sauran abin tsoro, kuma abin da ke damun mutane shi ne addu'a, ba sai an rubuta ba. Yanzu matsalar ta koma wani gefen. In aka ce ni zan rufe, sai ka ga matan da suka bar tukunya a wuta suna kallon Fasto da idon roƙo.